Rediyo Mai Aski da Malamar Maɓalli

A layinsu babu mai kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Yara da manya Rediyo suke ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Mai aski ne, kuma tun yana saurayi yake cikin shago ɗaya, ɗan ƙarami, tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. Kujera biyu ce a ciki, amma ɗaya kawai ake zama a kai, ɗayar tun da ƙafarta ta karye aka mayar da ita wurin jibge tawul. Akwai dogon benci na masu jiran layi, da babban madubi da gefensa ya tsage, da wata tsohuwar fanka mai juyawa tana girgiza kai kamar ba ta yarda da abin da ake faɗa ba.

Abin da ake faɗa kuwa, shi ke faɗarsa. Idan ka zauna ya ɗaura maka ƙyalle a wuya, to ka shiga hannu. Zai gaya maka dalilin da ya sa ƙungiyar ƙwallonka ta sha kashi, da yadda ya kamata a gyara kwatar bakin titi, da irin matar da ta dace da ƙaninka wanda bai taɓa gani ba. Ba ka da halin musu, don reza na kan maƙogwaronka. Mutane da dama sun amince da ra'ayin da ba nasu ba a kan wannan kujera.

Amma wajen aiki, sai dai a sara masa. Mutum ya tashi kunnensa ya gaji, in ya dubi madubi sai ya yafe. Nasa kan kuwa bai taɓa bari wani ya taɓa ba. Da madubi biyu yake yi wa kansa aski, ɗaya a gaba ɗaya a baya, yana cewa duk garin babu wanda ya isa. Idan ya faɗi haka yakan kalli tsallaken titi, inda wani matashi da ake kira Ɗan Zamani ya buɗe shago mai fitilu kala-kala da kiɗa. A cewar Rediyo, yaron ba aski yake yi ba, yankan ciyawa yake yi.

Cikin darussan da ya fi ƙwarewa a kai akwai hawan jini. Ba tsohon da zai zauna a kujerarsa bai sha wa'azi a kan gishiri da yawan tunani ba. Nasa maganin da likita ya rubuta masa yana cikin aljihun tebur, ƙarƙashin tsofaffin matazai, ko kwalin bai buɗe ba.

Abin ya same shi da hantsi, yana tsakiyar yi wa Direba aski. Direba abokinsa ne tun ƙuruciya, mai tasi, mutum mai haƙuri wanda ya koyi yin barci da ido buɗe a kan kujerar. An gama ɓangaren dama tas, na hagu yana nan cunkus, sai Direba ya ji injin askin ya faɗi ƙasa yana ta rawa a kan siminti. Maganar Rediyo kuma ta cakuɗe.

"Yau kuma wane yare ka koyo?" in ji Direba.

Da ya ɗaga ido ya dubi madubi, sai ya ga bakin abokinsa ya karkace, hannun dama ya sake kamar rigar da aka rataye. Bai tsaya kwance ƙyallen wuyansa ba. Ya ƙwala wa mai guga kira, suka cicciɓe shi zuwa mota. Da suka isa asibiti, nas-nas suka ga mutum da rabin kai a aske da ƙyalle a wuya yana ihu, sai suka yi kansa da keken marasa lafiya, a zatonsu daga ɗakin tiyata ya gudo. Sai da ya yi ta rantse-rantse kafin suka yarda mara lafiyar yana cikin mota.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma an yi sa'a an kawo shi da wuri. Abin da ya fara dawowa shi ne baki. Kafin mako ya zagayo ya riga ya bayyana wa na gadon kusa da shi kuskuren da aka yi wajen ɗaura masa karaya. Matarsa, wadda tela ce mai ɗinki a gida, ta ja likita gefe ta ce, "Likita, don Allah babu yadda za a yi a dawo da hannun tukuna, a bar bakin ya ɗan huta?"

Da aka ce za a tura shi wajen gashi, sai ya ce, "Ni za a tura wajen gashi? Tun kafin a haife ku nake cikin gashi har gwiwa." Aka yi masa bayani cewa gashin ƙashi ake nufi, na motsa jiki. Ya sani sarai, so yake a yi dariya, kuma an yi. Masu gashin suka yi aikinsu, ƙafa ta fara ɗaukarsa, aka sallame shi da sanda.

A gida ne Rediyo ya mutu murus. Ƙafa tana ja, hannun dama yana motsi kaɗan amma ba ya riƙe komai. Matarsa ke masa wanka, ita ke sa masa riga, ita ke ba shi abinci a baki. Ya zauna a kujerar falo kusa da taga, yana kallon bango. Masu zuwa dubiya su yi ta jan sa da hira, ya ce "Uhm." Direba ya zo ya faɗi wata magana ta ƙarya ƙarara a kan ƙwallo don ya tsokane shi, ya ce "Haka ne." A ranar Direba ya fita yana share ido. Gashin kansa kuwa ya tashi buya-buya, gemu ya haɗe da saje, don ya rantse ba mai sa masa inji a ka. Matarsa, wadda ta yi shekaru tana roƙon Allah ya kawo mata shiru a gidan nan, ta samu shirun ta rasa inda za ta sa kanta.

Ana haka asibiti suka turo wata ma'aikaciya gida. 'Yar gajeruwa ce, ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba, ɗauke da wata ƙatuwar jaka. Ta gaishe shi da ladabi, ta zauna, ta fara fito da kaya: soso, cokali, abin maƙale shanya, igiyar takalmi, da wani ƙulli na roba mai kama da kwaɓin fulawa.

Rediyo ya dubi kayan ya dubi matarsa. "Talla ta kawo?"

"A'a Baba, aiki na zo," in ji ta. "Masu gashi sun koya wa ƙafarka tafiya. Ni nawa aikin shi ne abin da za ka yi in ka isa inda za ka: wanka, sa kaya, cin abinci, sana'a. Duk abin da kake yi da kanka da, mu nemo hanyar da za ka koma yinsa, ko da ba irin ta da ba ce."

"Allura fa?"

"Ba na yi."

"Magani?"

"Ba na bayarwa. Amma wanda aka ba ka zan riƙa tambaya ko ka sha."

Matarsa ta yi tari mai ma'ana. Ma'aikaciyar ta tambaye shi abin da ya fi so ya iya yi da kansa. Ya ɗaga hannun hagu ya shafa dajin da ke kansa.

"Aski," ya ce.

"To, za mu je can. Amma yau da maɓalli za mu fara."

"Maɓalli! 'Yata, ni da na aske kawunan manyan mutane, ni za a zaunar a koya wa maɓalli kamar ɗan aji ɗaya?"

Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi tun dawowarsa gida. Daga ranar ya raɗa mata Malamar Maɓalli, sunan kuma ya bi ta har asibiti.

Dokar farko da ta kafa ba a kansa ta faɗa ba, a kan matarsa ta faɗa. "Mama, daga yau in yana sa riga, ki zauna a kan hannuwanki." Aka miƙa masa riga. Ya fara da hannun lafiya kamar yadda ya saba, sai mara lafiyar ya ƙi shiga. Ya juya, ya murɗa, kansa ya shige hannun riga, ya tsaya a tsakar falo ba ya gani, yana faɗa da rigar daga ciki yana kiranta munafuka. Matarsa ta miƙe za ta cece shi, Malama ta girgiza mata kai. Sai da ya fito yana haki, sannan ta nuna masa: a shimfiɗa rigar a cinya, a fara zura hannun da ba shi da ƙarfi har kafaɗa, sannan mai ƙarfin ya biyo baya. Ya gwada, riga ta shiga salin alin.

"Ai da ma haka na yi niyyar yi," in ji shi.

Maɓallin ya fi ba shi wuya. Ta ba shi wata 'yar waya mai mariƙi, a zura ta ramin, a kamo maɓallin a jawo. Ranar da ya fara ɓalle rigarsa shi kaɗai, ya tsallake rami ɗaya, wuyan ya karkace, gefe guda ya fi tsawo. Ya ƙi yarda a gyara. Haka ya fita ƙofar gida ya zauna, duk wanda ya wuce sai ya ce masa, "Ni na sa."

Malama ta zagaye gidan kamar mai neman ɓarawo. Ta sa aka naɗe ƙaramar dardumar bakin ƙofa da ke kama masa ƙafa. Ta sa aka kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki, aka ajiye kujerar roba a ciki, aka ɗaura soso a jikin doguwar sanda don ya cuɗa bayansa. Cokalinsa ta naɗe masa mariƙi da tsohuwar robar tayar keke har ya yi kauri, hannun dama ya samu abin damƙa. Cin abincinsa na farko da wannan cokali, rabi ya shiga baki, rabi ya tafi cikin gemu, ya ce na gemun ajiya ce ta anjima.

Sannan ta bar masa aikin gida: ya riƙa matsa ƙullin roba, ya riƙa ɗaukar wake ɗaya-ɗaya da yatsun dama yana zubawa a wani kwano, ya riƙa maƙala abin shanya a igiya. Nan ne matarsa ta gano wata ƙofa da ta buɗe mata.

"Maigida, Malama ta ce ka shanya waɗannan kayan."

Ya shanya.

"Malama ta ce tsintar shinkafa ta fi wake amfani."

Ya tsince.

Kafin a jima, Malama ta ce ya ninke zannuwan gado, Malama ta ce ya goge keken ɗinki, Malama ta ce ya ɓare tafarnuwa, Malama ta ce ya share tsakar gida. Mutumin da tun aurensu bai san inda ake ajiye tsintsiya ba, sai ga shi maƙwabta na leƙowa ta katanga suna ganinsa da abin shanya a baki yana shanya ɗankwali. Ya yi ta yi yana gunaguni, har ranar da Malama ta zo ya tare ta tun daga ƙofa.

"'Yata, tsakaninki da Allah, wanke tukunya yana cikin karatun da kuka yi?"

"Wace tukunya, Baba?"

Ta juya ta dubi matar, wadda ta duƙufa a kan keken ɗinki kamar ba a duniyar take ba. Malama ta kama hannunsa na dama, ta ce ya matse yatsunta. Ya matse, ta ɗan yamutsa fuska.

"Ni dai ban ce ba," ta ce. "Amma ka ga hannun ya fi na wancan makon ƙarfi. A ci gaba da tukunyar."

"Kun haɗa baki," in ji Rediyo. "Na shiga uku a gidana."

Da lokacin maganar aski ya yi, sai ta zo da balan-balan. Ta hura ɗaya, ta zana masa ido da hanci, ta shafe shi da kumfar sabulu, ta ɗaure a bayan kujera. Ta ce ya aske kumfar da reza, da hannun hagu, na dama yana tallafe. Rediyo ya ɗaura wa balan-balan tawul, ya gaishe shi, ya tambaye shi iyali, har ya fara ba shi shawara a kan gishiri. Ja na biyu, sai fau! Kumfa ta wanke masa fuska, ta fantsama kan ɗinkin wata amarya da ke kan keke. Maƙwabciya ta shigo da gudu tana tambayar ko tukunyar gas ce.

"Ya motsa ne," in ji Rediyo. "Na ce masa kada ya motsa."

Makonni suka wuce ana fasa balan-balan. Wani lokaci yakan kai rabi, wani lokaci tun sa rezar farko. Ya ce robar ce ba ta da kyau, aka sauya. Ya ce kumfar ce, aka sauya. Ranar da ya fasa uku a jere, Malama ta karɓi rezar ta naɗe, ta jawo kujera ta zauna gabansa.

"Baba, zan gaya maka gaskiya, don kai ba yaro ba ne. Hannun hagunka yana koyo, kuma zai riƙe inji. Amma reza a wuyan mutum, ban ga alama ba. Ba zan ce har abada ba, amma kada mu zauna jiranta."

Bai yi wasa ba a wannan karon. Reza ita ce abin alfaharinsa, da ita yake fitar da layin goshi da gefen kunne wanda ake gane askinsa da shi daga nesa. Ya ce mata ta tafi, ya gode. Mako na gaba da ta zo, ya ce a ce mata yana barci, da ƙarfi yadda za ta ji. Ta ce a gaishe shi in ya tashi, ta kuma bar saƙo cewa ranar zuwanta ta gaba ba gida za ta zo ba, shago za ta je, don tana so ta ga wurin. In bai zo ya buɗe mata ba, za ta tsallaka ta tambayi mai fitilu kala-kala yadda ake tsara shagon aski.

Ranar tun kafin ta iso yana bakin shagon da makulli, rigarsa a ɓalle daidai.

Shagon ya yi ƙura, gizo-gizo ya yi gida a jikin fanka. Malama ta sa shi ya nuna mata yadda yake aiki tun daga shigowar mutum har fitarsa, tana kallo. Ta lura ba ya iya tsayuwa mai tsawo, wayar inji tana harɗe masa ƙafa, kuma duk kayan aikinsa a dama suke. Suka kwashe su zuwa hagu. Mai gyaran waya ya zo ya rataye wayar injin daga silin, ta daina jan ƙasa. Aka samo wata kujera mai taya, doguwa, yadda zai zauna ya zagaye kan mutum yana turawa da ƙafa. Matarsa ta ɗinka wa injin maɗauri mai zagaye bayan hannu don kada ya suɓuce, ta kuma zaɓi ƙyalle mai furanni ja, ta ce shi ya rage. Mataji aka naɗe masa mariƙi kamar cokali, ya zama aikin hannun dama, tare da dafe kai.

"Kuma bayan kowane mutum biyu, ka huta," in ji Malama.

"In huta in yi me?"

"Ka yi magana. Wannan ba na jin za ta gajiyar da kai."

Kan farko da aka gwada nasa ne. Ya kafa madubansa biyu, ya kunna inji, ya shiga dajin nan. Gashi ya yi ta zuba kamar ana sassabe. Da ya gama, gaba ya yi kyau, amma ƙeya ta fito hawa-hawa kamar matakalar bene. Ya daɗe yana kallon fuskar da ya kwana biyu bai gani ba, ta rame, bakin ya ɗan karkace har yanzu. Ya share ido da gefen tawul ya ce gashi ne ya faɗa masa.

Kai na biyu shi ne matsala. Masu zaman benci duk sun zo murna, amma kowa ya zo da hula, ya kuma ja ta har kunne. Wannan ya ce jiya ya yi aski, wancan ya ce yana da ƙurji. Ƙarshe Direba ya cire hularsa ya zauna, yana motsa baki a hankali kamar mai shirin shiga jirgi karon farko. Rediyo ya gangaro da kujerarsa mai taya, ya dafa kan, ya juya shi dama da hagu. Sai ya tsaya.

"Wa ya taɓa kan nan?"

"Wane kai?"

"Kan da ke wuyanka. Wannan layin ba nawa ba ne. Wannan aikin mai yankan ciyawa ne."

"Haba Rediyo! Da rabin kai ka bar ni. Fasinja suna buɗe ƙofa su gan ni su rufe. Iyalina ta ce ko in je a ƙarasa ko in kwana a mota."

"Da ka jira."

"Wata nawa?"

"Aboki yana jira," in ji Rediyo, ya kunna inji.

Askin ya ɗauki lokacin da a da zai yi wa mutum huɗu. Sau biyu yana tsayawa ya huta, sau ɗaya kujerar ta gangara da shi har bakin ƙofa da injin a hannu yana kuka, mai guga ya turo shi ya dawo. Malama tana tsaye a gefe, hannu a naɗe, sai dai ta ce, "Sauke kafaɗa, Baba," ko "Juya kujerar, kada ka miƙa hannu." Da aka gama Direba ya shafa kansa, ya shafa kunnuwansa, ya dubi tafin hannunsa bai ga jini ba, ya yi hamdala da ƙarfi. Askin bai kai na da ba, amma aski ne, mutum zai shiga taro da shi. A bencin aka fara cire huluna ɗaya bayan ɗaya.

Maganar reza kuwa, da kansa ya warware ta, ta hanyar da ba wanda ya zata. Wata safiya ya dogara sandarsa ya tsallaka titi, ya shiga shagon Ɗan Zamani, ya ce a rage kiɗa. Ya ce masa ya lura hannunsa ba laifi, tarbiyya ce babu. Saboda haka daga yau duk wanda ya aske, in yana son gyaran fuska da reza, zai turo shi nan, da sharaɗin a yi yadda ya ce. Ɗan Zamani, wanda ya girma yana jin tsoron mutumin, ya ce, "To, Baba." Tun daga nan ake ganin mutane suna tsallaka titi da tawul a wuya, Rediyo kuma yana leƙe ta taga yana ba da umarni da hannu. Ya gaya wa kowa cewa reshen shagonsa ne ya buɗe a tsallaken titi.

Hannun dama bai dawo yadda yake ba, kuma ya daina jiran ya dawo. Yana riƙe mataji, yana riƙe kofin shayi in ba a cika shi ba. Maganinsa yanzu a kan tebur yake gaban madubi, cikin 'yar roba mai ɗaki-ɗaki da Malama ta kawo, kuma duk wanda ya zauna sai an nuna masa yadda ake buɗe ta da hannu ɗaya, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Da rana ta take yakan rufe shago ya koma gida ya kwanta, don jikin ba ya kai shi yamma. Malama ta rage zuwa, daga baya ta ce ya gama da ita, sai dai in wani abu ya taso. Ya ce ai shi da ma bai ga abin da ta yi ba, shi ya yi komai. Sannan ya sa matarsa ta ɗinka mata sabuwar jaka mai aljihu da yawa, ya tsaya a kan ɗinkin har aka gama.

Bayan wasu watanni wani dogon mutum mai tabarau ya shigo shagon, ya yi sallama a hankali, ya tsaya yana kallon kujera mai taya da injin mai maɗaurin furanni. Rediyo bai san shi ba.

"Aski?"

"E, Baba. Iyalina ce ta turo ni. Ta ce in ba a nan na yi ba, kada in dawo mata gida."

"Wace ce iyalin naka?"

"Tana aiki a asibiti. Ta ce in ce maka Malamar Maɓalli."

Rediyo ya tafa cinya da hannun hagu. Ya kori wanda ke kan layi, ya kakkaɓe kujera da kansa, ya zaunar da baƙon ya ɗaura masa tawul mafi sabo. Ya tambaye shi ko shi ma ana sa shi wanke tukunya. Mutumin ya ce ana sa shi. Rediyo ya ce ya yi haƙuri, yana ƙara ƙarfin hannu. Da injin ya fara kuka kusa da kunnensa, baƙon ya runtse ido ya damƙe hannun kujera.

"Ɗana, kunne nawa ka zo da su?"

"Biyu, Baba."

"To da biyu za ka koma. Sunkuyar da kai. Yanzu gaya mini, wace ƙungiya kake goyon baya?"

Mutumin ya faɗa. Rediyo ya girgiza kai cikin tausayi, ya gyara zama a kujerarsa, ya fara daga farko.